"Mene ne wannan?": yadda ake auna furucin yara da hotuna

Ɗan ƙanwata yana da shekara huɗu da rabi lokacin da uwarsa ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, don Allah ka zo ka raka mu asibiti. Kowa sai ya ce mini tsamin baki ne, zai bari. To ni hankalina bai kwanta ba. Ko kakarsa ba ta gane maganarsa sai na maimaita mata." Na raka su. Aka shigar da mu wani ƙaramin ɗaki mai tebur da kujerun yara, ma'aikaciyar gyaran magana ta ɗauko wani littafi ta kafa shi a tsaye kamar kalandar tebur, ɓangaren hoto yana kallon yaro, ɓangaren rubutu yana kallonta. Ta ajiye takarda da biro a kan cinyarta, ta buɗe shafin farko, ta ce masa, "Yaron kirki, mene ne wannan?"

Littafin na Turanci ne, daga Amurka. Yaron yana zuwa nazare, ya iya wasu sunaye da Turanci, don haka ya gane hotunan farko: gida, bishiya, kofi, cokali. Da aka zo kan injin zuƙe ƙura sai ya yi shiru, ya juyo ya kalle ni. Aka nuna masa kwamin wanka irin na turawa, ya ce "baho". Aka nuna masa wata ƙaramar keken ja da yaran can ke wasa da ita, ya ƙura mata ido, can ya ce "tula". Uwarsa ta yi saurin cewa, "Kura yake nufi, ta 'yan garuwa." Ma'aikaciyar ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu a gefen takardar, domin a cikin layukan da aka tanadar babu gurbin wannan kalma. A wannan "tula" ɗin kuwa matsalar yaron take, ba a cikin shirun da ya yi wa injin zuƙe ƙura ba.

Tun daga ranar nake bin wannan fanni, kuma abin da na fara fahimta shi ne hoton ba shi ake tambaya a kai ba. Mai gwaji ba ta damu da ko yaro ya san agwagwa ba. Sautin da ke cikin sunan take nema, hoton kuwa dabara ce ta fito da kalmar daga bakin yaro ba tare da ita ta riga shi faɗa ba. Akwai hanyoyi uku na jin furucin yaro, kowacce da aibinta. Za a iya barinsa ya yi ta surutu ana saurare, amma idan maganarsa ba ta fita, mai saurare bai san kalmar da yake nufi ba, balle ya san wane sauti ya kuskure. Ga shi kuma yara suna da wayon kauce wa kalmar da take ba su wuya. Za a iya cewa "faɗi kaza" ya maimaita, amma a nan an riga an ba shi samfuri, ya ji da kunnensa, ya kalli leɓe da harshe, kuma yara da yawa sukan kwaikwayi abin da ba za su iya fitarwa da kansu ba. Karatu kuma bai taso ba ga ɗan shekara uku. Hoto ya raba gardama: mai gwaji ta san kalmar da ake jira, yaro kuma shi ya zaƙulo ta daga kansa. Idan aka nuna kifi ya ce "tifi", babu shakka a kan abin da ya so faɗa.

Ba a zaɓar hotunan da ka. Da sautukan harshe ake farawa, a jera su, sannan a nema wa kowanne kalmar da yake zuwa a farkonta, da wadda yake tsakiya, da wadda yake ƙarshe, sai daga baya a kira mai zane. Wannan tsari ya samo tushe a Amurka. A 1957 Mildred Templin ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan yara 480 masu shekara 3 zuwa 8, inda ta nuna shekarun da yawanci suke ƙwarewa a kowane sautin Turanci. A 1969 Ronald Goldman da Macalyne Fristoe suka fitar da gwajin da ke ɗauke da sunayensu, wanda aka sabunta a 2000, aka sake sabuntawa a 2015, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Bugun 2000, wanda aka kafa wa ɗan ƙanwata, kalmomi 53 ke cikinsa. A Birtaniya da Ostireliya an fi sanin wanda Barbara Dodd da abokan aikinta suka fitar a 2002. Duk cikinsu aikin bai cika wuce rubu'in awa ba idan yaro ya ba da haɗin kai, kuma wannan saurin ne ya sa asibitoci da makarantu suka rungume shi.

Abin da ake rubutawa a takarda shi ne ainihin aikin. Kuskuren furuci iri huɗu ne a tsohon rabo: yaro ya musanya sauti da wani, kamar "luwa" a maimakon ruwa, ya yar da sauti, kamar "tamii" a maimakon takalmi, ya fito da sautin a gurɓace, kamar s ɗin da iska ke tsiyaya ta gefen harshe, ko ya ƙara abin da babu. Mai gwaji na kirki ba ta tsayawa a kan sa alamar daidai ko kuskure, takan rubuta kalmar gaba ɗaya yadda ta fito, domin daga nan ake ganin tsari. Yaron da ya ce "tifi" da "tula" da "doro" a maimakon kifi da kura da goro ba kurakurai uku ya yi ba. Abu ɗaya ne: duk sautin da ya kamata bayan harshe ya ɗaga ya taɓa hanɗa, shi da gaban harshe yake yinsa. Wannan ya sha bamban da yaron da ya ce "tifi" yanzu, anjima "fifi", gobe "kiki". Don kama irin wannan na biyun ne gwajin Dodd ya ware kalmomi 25 da ake sa yaro ya faɗi sunayensu sau uku a zama ɗaya, ana tsarma wani wasa a tsakani. Idan kashi 40 cikin 100 ko fiye suka fito daban-daban, an san maganin da za a yi masa ba irin na farkon ba ne.

To, idan yaro ya ƙi faɗin sunan fa? Akwai matakai. A fara da ba shi haske: "Da shi ake shan shayi." Idan bai kama ba, a ba shi zaɓi, a sa kalmar da ake nema a farko don kada ta zama ita ce ta ƙarshe a kunnensa: "Kofi ne ko takalmi?" Idan hakan ma bai yi ba, a faɗi sunan, a sako wata magana a tsakani, sannan a sake tambaya: "Wannan kofi ne. Ka ga yana da mariƙi. Me na ce sunansa?" Sai abin ya gagara ake cewa ya maimaita kai tsaye, kuma dole a sa alama cewa wannan kwaikwayo ne. Kowane mataki da aka sauka, an rage darajar amsar. Gwajin da aka yi rabinsa da kwaikwayo ya koma abin da aka ƙirƙiri hoto don a guje masa.

Shi ya sa ingancin hoto ba ƙaramin abu ba ne. Dole ya zama abin da yaro ya sani a rayuwarsa, dole zanen ya fito fili, kuma dole yawancin yara su kira shi da suna ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi wuya. A 1980 masana biyu a Amurka, Snodgrass da Vanderwart, sai da suka zauna suka gwada zane 260 a kan mutane don su ga, cikin abubuwan da suka auna, wanne ne ake haɗuwa a kan sunansa. Abin da yara suka sani ma yana sauyawa da zamani da wuri. Bugun farko na Goldman da Fristoe yana da hoton bindiga da ashana da coci da bishiyar Kirsimeti, a bugun 2000 duk an cire su. Wayar tangaraho mai igiya da yaron 1970 zai gane nan take, jikansa bai taɓa ganinta ba. Hatta karanta zane kansa abu ne da ake koya. A 1960 William Hudson ya nuna wa mutane a Afirka ta Kudu zanen maharbi da barewa da giwa can nesa, ya ga waɗanda ba su saba da hotunan littafi ba suna fassara nisa da kusa daban da 'yan makaranta. An soki zanen nasa da yadda ya yi tambayoyin, kuma sukan yana da hujja, amma abin da ya rage a ciki gaskiya ne: yaron da ya tashi da littafin hotuna a gefen katifarsa ya riga ya san wannan wasa na "mene ne wannan", wanda bai tashi da shi ba yana iya tsayawa yana mamakin babba da ke tambayar abin da ya sani. A ƙara da ƙiwa, da tarbiyyar da ta hana yaro sakin baki gaban baƙo.

A nan ne aron gwaji daga wata ƙasa yake zama haɗari, kuma haɗarin hawa biyu ne. Na farko, yaron da Hausa ce harshensa zai kawo sautukan Hausa cikin Turancinsa. Sautin v zai koma b, p da f za su cakuɗe domin a Hausa sauti ɗaya ne, sautin da turawa ke yi da harshe tsakanin haƙora zai koma s ko z, kuma zai sa wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka haɗu a farkon kalma. Haka iyayensa suke faɗi, haka malamarsa. Takardar za ta ƙirga duk wannan a matsayin kuskure, alhali lafiyar bakinsa lau. Na biyu shi ne ma'auni. Yawan kurakurai ba ya nufin komai sai an kwatanta shi da na sa'o'in yaro, a mayar da shi maki wanda 100 ne matsakaici. Yara da matasan da aka gina ma'aunin bugun 2000 a kansu su 2,350 ne, dukkansu a Amurka. Ɗora ɗan Kano ko ɗan Maraɗi a kan wannan sikeli bai ba da lambar da za a dogara da ita ba. A ganina ko rubuta lambar a rahoto bai kamata ba, domin lamba takan bi yaro har makaranta.

Wani zai ce to a fassara kalmomin mana. Ba ya yiwuwa, saboda kalmar an zaɓe ta ne don sautin da ke cikinta, kuma fassara tana kawo ma'ana ta bar sautin a baya. Gwajin Hausa sai an gina shi daga tushe, kuma duk wanda ya zauna da biro ya fara zai ga inda ƙasa take da tauri.

Baƙaƙen Turanci 24 ne, na Hausa sun haura 30. Wasu suna da sauƙin samun hoto. Ƙ tana da ƙofa da ƙafa a farko, raƙumi da wuƙa a tsakiya. Ts tana da tsintsiya da tsani da yatsa. Ɗ tana da ɗankwali da kuɗi da kwaɗo. Ƙw tana da ƙwai da ƙwarya, gw tana da gwanda da agwagwa, gy tana da gyaɗa. Amma 'y fa? Da an wuce 'yar tsana sai a fara lalube. Ƙy sai ƙyaure ko ƙyalle, kuma yaro zai kalli ƙyaure ya ce ƙofa. Fy kuwa kalmominta 'yan kaɗan ne, wadda ɗan shekara huɗu zai sani ita ce fyace, sai a zana yaro yana fyace hanci a tambaya me yake yi. Sannan akwai r guda biyu da rubutun boko ya haɗe su a harafi ɗaya: ta bara mai yi wa wani hidima, wadda harshe ke naɗewa ya buga sau ɗaya, da ta barar almajiri, wadda harshe ke kaɗawa. Kunnen Bahaushe yana raba su, don haka gwaji ma dole ya raba su, kowacce da hotunanta.

Rabon nan na farko da tsakiya da ƙarshe ma bai zauna wa Hausa daidai ba. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Waɗanda suke ƙarewa da baƙi 'yan tsiraru ne, da yawansu na aro: fensir, tebur, karas, tumatir, sai irin su mutum da biyar da takwas. Babu amfanin neman kalmar da ta ƙare da ɓ ko ts. Inda nauyin yake a Hausa shi ne baƙin da ke rufe gaɓa a tsakiyar kalma, kamar a hanci da takalmi da kwalba, da kuma baƙi mai ruɓi kamar a hannu da kunne da ƙwallo. Ga tsawon wasali, wanda shi ya raba garin da ake zama a ciki da garin tuwo. Ga karin sauti, wanda ya raba kukan yaro da bishiyar kuka. Gwaje-gwajen Turanci da yawa baƙaƙe kawai suke ƙirgawa, wanda kuwa ya kwafi takardarsu zai bar waɗannan duka a waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne karin harshe, domin a nan ne za a iya zaluntar yaro cikin harshensa. A zana ɓera don a ji ɓ, ɗan Sakkwato ya kalla ya ce kusu. Ya faɗi daidai, amma ɓ ɗin ba ta fito ba. A zana kyanwa don a ji ky, wannan ya ce mage, wancan ya ce mussa. Babur a wani gida mashin ne, a Nijar moto. Ƙwallo ga yara da yawa bal ce. Wannan matsalar suna ke nan. Ta furuci ta fi ta zurfi: yaron da ya ce "hwari" inda Bakano zai ce fari, ko "abduga" a maimakon auduga, ko "zamna" a maimakon zauna, maganar gidansu yake yi. A zangunan Gana da sauran wuraren da Hausa ta zama harshen kasuwa, akwai manya da yawa da ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, kuma 'ya'yansu abin da suka ji suke faɗi. Mai gwajin da ba ta fara sauraren uwa ba kafin ta saurari ɗa, za ta rubuta karin harshe a layin cuta. Hanya mafi sauƙi ita ce a nuna wa uwar hotunan ita ma, a ji yadda take kiransu.

Ko an gama haɗa hotuna, sauran babban aiki: a bi ɗaruruwan yara masu lafiya, birni da ƙauye, gabas da yamma, a ga a wane shekaru kowane sauti yake zama. A 2018 Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka tattara bincike 64 da aka yi a kan yara 26,007 cikin harsuna 27. Sun samu cewa zuwa shekara 5 yara suna furta aƙalla kashi 93 cikin 100 na baƙaƙen harshensu daidai, kuma irin su b da d da m da n suna riga irin su r da s da c zama. Daga Afirka akwai Swahili da Xhosa da Setswana a cikin jerin, babu Hausa. Wani abu a sakamakon ya ja hankalina: sautukan da ba da iskar huhu ake yinsu ba, irin ƙyas-ƙyas ɗin Xhosa da baƙo ke ganin sun fi komai wuya, da wuri yara suke kama su. Ɓ da ɗ da ƙ ɗinmu dangin wannan rukuni ne. Don haka zaton da ake yi cewa haruffa masu lanƙwasa su ne na ƙarshen zuwa bakin yaro, zaton baƙon harshe ne, sai an ƙirga a bakin yaranmu kafin a sa shi a takarda.

Gwajin hoto, komai kyansa, kalma ɗaya-ɗaya yake ji, yawanci sunaye, kuma sau da yawa dama ɗaya kowane sauti yake samu a kowane gurbi. Akwai yaron da zai faɗi "tsintsiya" tsaf idan ita kaɗai ce, amma ya shiga ba da labari sai komai ya narke. Saboda haka ake haɗa shi da hira ta sakin jiki, a ƙirga kashi nawa na baƙaƙe suka fito daidai, ma'aunin da Shriberg da Kwiatkowski suka tsara a 1982, inda ƙasa da kashi 50 ke nuna matsala mai tsanani. Ana duba cikin baki, leɓe da haƙora da hanɗa da motsin harshe. Ana gwada ko yaro zai iya fito da sautin idan an nuna masa. Kafin duk wannan kuma ana auna ji, domin yaron da ruwa ya daɗe a bayan dodon kunnensa yana jin magana kamar daga cikin randa, kuma abin da ya ji shi zai faɗa. Iyaye da yawa a wajenmu sukan fara da wanzami a duba linzami ko beli, alhali yaron da yake cewa "ina con ki" ko "tifi" harshensa yana motsi yadda ya kamata, wurin da zai sa shi ne bai gane ba tukuna.

Ma'aikaciyar da ta duba ɗan ƙanwata ta san duk wannan. Da ta kai rabin littafin sai ta rufe shi, ta ce wa ƙanwata, "Maman yaro, zazzage mini jakarki a kan teburin nan." Makulli ya fito, da cokalin roba, da kuɗi, da kwalbar turare, da goro guda da aka sayo wa kaka. Ta ɗauki ɗaya bayan ɗaya tana tambaya da Hausa, yaron ya saki jiki, har yana miƙo mini yana cewa, "Tawu, riƙe," sai dai ƙ ɗin ma t ta fito. Matulli, cotali, tuɗi, doro. Ta nuna masa ƙofa ya ce tofa. Ɓ da ɗ da ts kuwa suna nan daram a bakinsa. Ta sa shi ya ɗaga kai sama, ta ce ya yi kamar zai yi tari a hankali, bayan gwaji huɗu ko biyar sai ga k ta fito sau ɗaya, shi kansa ya zaro ido. A rahoton ba ta rubuta maki ba. Ta rubuta kalmomin yadda ya faɗe su, ta rubuta cewa k da g da ƙ duka suna komawa gaban baki, cewa yana iya k idan an taimaka masa, ta tura mu gwajin kunne, ta kuma ce mu dawo bayan sati biyu da jaka cike da kayan gida masu k da g a sunansu.